Laraba, ranar ganin likitar Baba

Tun daren jiya muka zauna da Baba muka rubuta tambayoyin da za mu yi wa likita, domin duk ranar asibiti, da an fara bayani sai kai ya ɗaure, a fito ba a tambayi komai ba. Yana faɗa ina rubutawa. Tambayarsa ta farko ita ce: wannan sabon maganin warkarwa zai yi, ko jinkirta ciwon kawai?

Likita ba ta yi kwana-kwana ba. Ciwon dajin huhun Baba ya kai mataki na 4, ya bazu har ƙashin baya, kuma kemon farko, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ya daina riƙe shi. Akwai wani da za a iya gwadawa, amma ba na warkarwa ba ne. Mai yiwuwa ya rage wa ciwon gudu, mai yiwuwa kuma ya ƙara masa kasala da amai, ya karya garkuwar jiki. Ta tambaya ko yana shafe fiye da rabin yini a kwance. Ta ce likitocin daji na duba wannan sosai, don wanda rauninsa ya kai haka, sau da yawa wahalar kemo takan rinjayi amfaninsa.

Duk wannan bayanin ni take kallo. Sai na ce, "Likita, ga mai jikin nan, shi za ki tambaya." Ta gyara zama ta fuskance shi. Baba ya daɗe yana shafa gwiwarsa, kafin ya ce, "Ni dai in kwanta in yi barci numfashi bai sarƙe ni ba, kuma hankalina ya zauna in riƙa gane jikokina." Duk zaman jinyar nan babu wanda ya ji wannan daga bakinsa, don babu wanda ya tambaye shi. Ina ganin babban aikin mai jinya ke nan, ya ma fi ba da magani a kan lokaci nauyi: a buɗe wa mara lafiya fili ya faɗi abin da yake so, a kuma riƙe maganarsa yadda ya faɗe ta.

Da yamma Yaya ya kira, ransa a ɓace. Shi a ganinsa a daina gaya wa Baba komai, a ci gaba da kemo kawai, kuma batun da likita ta kawo na kulawar rage raɗaɗi, wato kulawar da ke sauƙaƙa wa mara lafiya ciwo da wahala, tamkar an sallama shi ne. Ban ga laifinsa ba, ƙauna ce ta haɗu da tsoro. Na ba shi labarin binciken da aka fitar a 2010 daga babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, kan mutum 151 masu dajin huhu da ya bazu. Waɗanda aka haɗa musu wannan kulawa tun farko tare da maganin daji sun fi samun sauƙin rayuwa, ƙuncin zuciya ya ragu, kuma tsaka-tsakin abin da suka rayu wata 11.6 ne, sauran kuwa wata 8.9. Ya yi shiru, sannan ya tambayi batun mofin, maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, ko ba zai zame wa Baba jaraba ba. Na maimaita masa abin da nas ta koya min: ana ba da shi bisa agogo, ba sai ciwo ya taso ba, likita ke daidaita yawansa, kuma dole a haɗa da maganin sassauta ciki domin yana ɗaure bayan gida.

Baba bai yanke shawara kan kemon ba, ya nemi a ba shi zuwa mako mai zuwa. Amma ya sa na rubuta abu biyu: idan ya kai ba ya iya magana, ni da Yaya za mu yi magana da yawunsa, kuma ba ya son a sa masa injin numfashi. Hannuna na rawa na rubuta na biyun. Gobe Yaya zai zo, Baba ya ce kada in riga shi, da bakinsa zai gaya masa.