Me ya mutu a jikin dish ɗin?

Aikin farko da maigidana ya sake mini ni kaɗai, lokacin da nake koyon haɗa satalayit, wani tsohon dish ne a gidan wani dattijo. Ya daɗe da daina biyan kuɗin wata, dikodar tana cikin kwali, dish ɗin kuma yana manne a bango ya sha ƙura, tsuntsaye sun mai da shi wurin hutawa. Buƙatarsa ɗaya ce, ya riƙa kallon labarai ba tare da ya sake biyan kowa ba. Na ɗaga kai na kalli abin sau ɗaya na ce, "Baba, wannan ai ya gama aiki, sai dai a sayo sabo." Da na koma na shaida wa maigida, ko faɗa bai yi ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: me ya mutu a jikinsa? Na yi tsuru-tsuru.

Ashe babu abin da zai mutu. Dish ƙarfe ne da aka lanƙwasa, ba wuta a cikinsa, ba kati, ba lamba. Aikinsa irin na madubi ne: ya taro siginar da ke saukowa daga tauraron ɗan Adam mai nisan kusan kilomita 35,786 daga ƙasa, ya tattara ta wuri guda, daidai bakin LNB, ɗan ƙoƙon nan da ke zaune a ƙarshen hannun dish. Kullen da kamfani ya yi yana cikin tashoshinsa da dikodarsa da katinsa. Tambarin da ke fuskar dish kuwa fenti ne kurum. Juya shi ya kalli tauraron da ke ɗauke da tashoshin da ba a kulle ba, ka haɗa masa risiba, wato akwatin da ke karɓar sigina ya miƙa wa talabijin, zai yi maka aiki bai tambaye ka rasit ba. Kuma wannan ba satar tasha ba ce. Masu tashoshin ne da kansu suka bar su a buɗe don a kalla. Satar ita ce ta masu yawo da manhajar fasa tashoshin kuɗi, wadda ke aiki yau gobe ta mutu, mai gida ya zo yana neman wanda ya haɗa masa.

Washegari na koma da zare biyu a aljihu, kamar yadda aka umarce ni. Ana ja ɗaya daga saman bakin dish zuwa ƙasa, ɗayan daga dama zuwa hagu. In sun ɗan taɓa juna a tsakiya, dish ɗin yana nan da siffarsa. In akwai rata tsakaninsu, ko ɗaya yana danne ɗaya, to ya karkace, kuma karkataccen dish wahalar banza ce. Na dattijon nan lafiyarsa ƙalau. Tsatsar da ta firgita ni a sama-sama take, irin wadda ake gogewa a shafa fenti marar ƙyalli. Tsatsar da ya kamata a ji tsoro ita ce ta kusoshi da ta hannun da ke riƙe LNB, don in hannun ya sunkuya ko da kaɗan, siginar za ta taru a inda babu mai karɓarta.

Daga nan na hau tsani, na shiga abin da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Awa biyu ina juya dish, dama, hagu, sama, ƙasa, gumi ya jiƙe ni sharkaf. A talabijin layin ƙarfin sigina ya cika ya batse, layin inganci kuwa ko gezau. Ni kuma ganin na farkon a cike sai nake ta cewa saura ƙiris. Ban san cewa wannan layin yakan tashi ne da zarar LNB ya samu wuta ba, ko da bango dish ɗin yake kallo. Na biyun, wanda masu aikin ke kira kwaliti, shi ne mai nuna an kama tauraro. Da na gaji na kira maigida, ya ce in sauko in karanta masa lambar da ke wurin saitin LNB a risiba. Na karanta: 5150. Ya yi dariya har sai da na janye wayar daga kunne.

Lambar nan ta manyan dish ce masu kama zangon C, wanda ke aiki a wajen gigahaz 4. Ƙananan dish na gidaje zangon Ku suke kamawa, daga gigahaz 10.7 zuwa 12.75, kuma LNB ɗinsu na gama-gari lambobinsa 9750 da 10600 ne. Risiba ce ke gaya masa wanne zai yi amfani da shi, ta hanyar wani ɗan sauti mai kilohaz 22 da take turawa ta cikin waya. Ta wayar nan dai take ba shi wuta, volt 13 in tana son siginar tsaye, 18 in ta kwance take so. In ka ba ta lambar da ba ita ba, lissafinta gaba ɗaya ya rushe, ko ka saita dish daidai wa daida ba za ta ga komai ba. Wataƙila na bi ta kan tauraron sau goma a ranar ban sani ba. Tun daga lokacin ba na taka tsani sai na gama da rimot. Akwai kuma kamfanonin da ke ba da LNB na musamman wanda dikodarsu kaɗai ke jin yarensa, irin wannan cire shi ake yi a sa na gama-gari, dish ɗin dai ba ruwansa.

Da na gyara lambar, sai matsalar hannu ta bayyana. Taurarin nan a jere suke a layi ɗaya, wasu tazarar digiri biyu ko uku ce kawai tsakaninsu, risiba kuma tana buƙatar daƙiƙa biyu ko uku kafin ta nuna abin da ta gani. Mai gaggawa sai ya tsallake abin da yake nema. Motsawa ake yi kamar faɗin farce, a tsaya, a duba, a sake motsawa. Sannan yawancin ƙananan dish ba inda fuskarsu ta nuna suke kallo ba, sun fi haka ɗagawa da digiri ashirin da 'yan kai, shi ya sa za ka ga dish kamar gidan maƙwabci yake leƙe alhali sama yake kallo. In kwaliti ya fara motsi, sai a murza LNB ɗin a cikin mariƙinsa a hankali har layin ya kai iyakarsa. Ɗaure noti ma da nasa sharrin: ka matse gefe ɗaya gaba ɗaya, dish ya goce, aikin ya koma baya. Kaɗan nan, kaɗan can, ido na kan talabijin.

Waya kuwa, a tsofaffin dish ɗin da suka biyo ta hannuna, ita ce ta fi yawan ba ni ciwon kai. Rana ta busar da robarta, ruwa ya shiga ta kan, tagullar ciki ta yi kore. Silin gashi ɗaya na ragar waya in ya taɓa tagullar tsakiya ya isa ya ɗauke komai. Yanzu yanke kan nake yi in sa sabo, in naɗe shi da kyau, in bar wa wayar ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje. Risiba a kashe, kafin a taɓa waya.

Abin da ke tsufa da gaske ita ce risiba. Tsohuwa mai DVB-S da MPEG-2 kaɗai, wato tsohon tsarin aiko sigina da hoto, an bar ta a baya, don tashoshi da yawa sun koma sabon tsari, DVB-S2 da MPEG-4. Wata tashar za ta ba ka murya ba hoto, wata ko sunanta ba za ka gani ba. A nan ne kuɗi ya cancanci fita, ba a kan ƙarfen da ke bango ba.

Abu mafi wuya da na koya bai shafi sifana ba. Shi ne gaya wa mai gida iyakar abin da zai samu tun kafin in fara. Kowane tauraro da yankin da yake haskawa. Mutum ya ji labarin tashoshin tauraron Nilesat da ke digiri 7 yamma, ko Hotbird a digiri 13 gabas, ko Badr a 26, ya ce su yake so, alhali a inda yake zaune dish mai santimita 60 ko 90 ba lallai ya jiyo ƙamshinsu ba. Manyan wasannin ƙwallo galibi a kulle suke. Tashar kyauta kuma ba ta yi wa kowa alkawari ba: takan canza lamba, takan koma ta kuɗi, takan ɓace. Ruwan sama mai ƙarfi yana ɗauke zangon Ku har sai hadarin ya wuce. Da ina ɓoye waɗannan don kada aiki ya kuɓuce mini, sai na ga kiran ƙorafin da ke biyo baya ya fi kuɗin aikin tsada.

Dattijon nan ya samu labaransa, har da tashoshin da bai san da su ba. Na nuna wa jikansa inda ake danna binciken da risiba ke laluben tashoshi da kanta, don ranar da wata ta ɓace. A watan Maris ya kira ni da rana tsaka, rai a ɓace, wai hoto yana ɗaukewa kullum a lokaci guda ga shi ko gajimare babu. Wannan karon ban ce a sayo komai ba. Rana ce ke ratsawa daidai bayan tauraron, hayaniyarta ta danne sigina, abin da ke faruwa na 'yan kwanaki sau biyu a shekara. Na ce, "Baba, ku ba shi minti goma, kada kowa ya taɓa dish ɗin." Muna cikin magana na jiyo muryar mai karanta labarai ta dawo daga ɗakin.