Kalmar "narke" ta ci min zango guda

Zango guda cur na yi asara a aji biyu na ƙaramar sakandare saboda kalma ɗaya tak, kuma da bakina na faɗe ta. A Tudun Wada nake koyar da kimiyya, nan Zariya. Yara sun haura sittin a aji, Turancin mafi yawansu bai wuce na gaisuwa da kwafar allo ba. Shi ya sa nakan yi bayani da Hausa, sannan in ɗora kalmar Turanci a kai. Har gobe haka zan yi. Inda na yi sakaci shi ne ban tsaya na duba ko kalmar Hausar tana ɗauke da kaya biyu ba.

A Hausa ƙanƙara ta narke, sukari ma ya narke a shayi. A kimiyya kuwa abubuwa biyu ne daban, Turanci ya raba su: melt da dissolve. Na fassara duka biyun da "narke", yara suka gyaɗa kai, na wuce. Na kuma ƙara wa Borno dawaki: da na zo gwada sukari sai na yi amfani da ruwan zafi don ya yi sauri. Yaro ya ga tururi, ya ga sukari ya ɓace, me zai hana ya ce zafi ne ya narkar da shi? Ranar da na zauna duba takardun jarrabawa, sama da rabin aji sun rubuta cewa sukari yana "melt" a ruwa, har da yaran da nake taƙama da su. Da na tambayi wata daga cikinsu sai ta ce, "Malam, ai kai ka ce duk narkewa ce." Ba ta yi ƙarya ba.

Ga yadda na gyara. Ruwan sanyi kawai, kada a kusanci wuta. Kowane rukuni na yara shida na ba su gindin gorar roba da aka yanke, da ruwa mililita 100, da gishiri da ƙaramin cokalin shayi. Su zuba cokali ɗaya a shafe, su juya, su ƙirga. Ruwa mililita 100 yana ɗaukar gishiri kusan giram 36, wato wajen cokali shida, daga nan sai ya ƙi karɓa, ya kwanta a ƙasa. A nan nake tambaya: in zafi ne ke aikin, ina zafin? Sai a ɗiga ruwan gishirin a murfin gwangwani a shanya a rana. Da hunturu kafin a tashi ya bushe, gishiri ya dawo fari fat. Na kan gaya musu gishiri ba ya narkewa irin ta ƙanƙara sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Celsius, ita kuwa ƙanƙara a sifili take sakewa.

Ɗaya ɓangaren kuma, na narkewa irin ta ƙanƙara, man kaɗanya ne a tafin hannu, da guntun kyandir a cokali bisa wuta. Ba a zuba musu komai ba, zafi kawai suka sha. Kada a ɗora sukari a wuta don kwatance, zai yi ja ya ƙone, ya jawo wata tambayar da ba ta ranar ba. Kanwa ma a bar ta a gwajin ruwa, tana barin laka, sai yara su rikice.

Sai bayan hannu ya taɓa nake kawo Turanci. Tambaya ɗaya nake sa su yi wa kansu: abu ɗaya ne da zafi, ko abu biyu ne suka haɗu? In ɗaya ne, melt. In biyu ne, dissolve, kuma dole jimlar ta faɗi a cikin me. Nakan rubuta jimloli biyu a allo da gurbi, kowane yaro ya cike da bakinsa kafin ya rubuta, don mai kwafa ba a gane inda ya ɓata.

Tun daga lokacin, kafin kowane darasi nakan zauna da jerin kalmomin in nemi irin wannan tarko. "Zafi" na ɗauke da heat da temperature, "nauyi" na ɗauke da mass da weight, "iska" kuwa har uku take ɗauke da su: air, wind da gas. Abin da ke ci min rai shi ne 'yan wancan ajin yanzu suna aji uku, jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare na gabansu, kuma makon jiya na ji ɗaya daga cikinsu yana gaya wa abokinsa gishiri ya yi "melt" a miya. Na roƙi malaminsu ya ba ni darasi biyu ranar Alhamis, gorunan ma na riga na yanke.