Inda aka kwana kan ramin tara ruwa a ƙasan gonata

'Yan uwa masu koyon noman rani, barkanmu da aiki. Ramin da na haƙa a ƙasan gonar shinkafata, nan fadamar Argungu, ya fara riƙe ruwa, ga kuma yadda ake ciki.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mai injin ban ruwa a Kebbi ya san abin da fetur ke ci masa kafin a kai ga yankan shinkafa. Shi ya sa ruwan da ke tsiyaya daga fangalin ƙarshe ya bi lambatu ya tafi yake ci mini rai. An ƙona mai kafin ya hau gona, ya kuma wanko wani ɓangare na takin yuriya da aka watsa. Barinsa ya wuce asara ce biyu, shi ne na haƙa ramin don ya tare shi.

Tsawon ramin mita 6, faɗi mita 4, zurfi mita ɗaya da rabi. A lissafi lita 36,000 ke nan, amma bai kai haka ba, don na kwantar da gefunansa gudun zaftarewa. Na fifita zurfi a kan faɗi saboda rana da iskar hunturu ta saman ruwa suke sha. Fili mai faɗi marar zurfi kafin ka juya ya ƙafe.

Babban aikin daɓe ne. Ƙasan wajen akwai jijiyar yashi, don haka da farko ruwan na sauka kusan yatsa uku a kwana a jikin sandar da na kafa a tsakiya. Muka ɗebo baƙar laka mai danƙo, muka kwaɓa ta da ƙafa kamar za a yi tubali, muka shafe ƙasa da gefe, aka daddaka. Yanzu saukar ba ta kai yatsa ɗaya ba. Sai dai laka ba ta son bushewa: in ta tsage, an koma gidan jiya, don haka kullum ina barin ruwa kamu ɗaya a ciki. Kafin babban ramin akwai ɗan ƙarami inda taɓo ke kwantawa, shi nake kwashewa in mayar gona.

Kada wani ya ɗauka wannan zai maye gurbin rijiya ko gulbi. Injin inci uku yana iya zuƙe shi cikin awa guda ko ƙasa da haka. Amfaninsa a wurina kwamin albasa da tattasai ne da ke gefe, kuma ganyensu ya fi na bara duhu alhali taki kaɗan na ƙara.

Abu biyu nake tsoro. Ruwan da ya zagaya gona yana tara gishiri. Na fara ganin fari-fari irin na kanwa a bakin kunya ɗaya, ga albasa ba ta jure gishiri. Yanzu ina gauraya shi da ruwan rijiya rabi da rabi. Na biyun maganin ciyawa ne. Irin su 2,4-D da ake fesa wa shinkafa suna nannaɗe ganyen tumatir da tattasai, saboda haka bayan feshi toshe hanyar ramin nake yi.

Na kewaye shi da ƙaya saboda yara da shanu, kuma ba a wanka a ciki, don ruwan kwance ba ya rasa sauro da katantanwa mai kawo tsargiya. Abin da ya rage shi ne zafin Maris da Afrilu. Wanda ya taɓa shimfiɗa leda a irin wannan rami, don Allah ya faɗa mini yadda ta kasance da ɓera da rana.