Kada ku ɗebi iri daga albasar da ta yi fure a shekarar farko

A lambunan bakin kogin Mayo Tsanaga, wajen Meskin da Kongola kusa da Marwa a arewacin Kamaru, akwai gidajen da kaka ya noma albasa, uba ya noma, yanzu jikoki ke riƙe da injin ban ruwa. Ƙannena, abin da irin waɗannan gidaje ke gada ya wuce fili da rijiya. Akwai irin gida, Gudami ko 'yar Galmi, wanda aka yi shekaru ana tacewa. Shi ne na kusa ɓatawa da hannuna, kuma ba na so ku bi sahuna.

Albasa shekara biyu take cika. A ta farko ta yi kai, a ta biyu a mayar da kan cikin ƙasa ya fitar da kara, ya yi fure, ya ba da baƙin iri. Amma kowace gona akwai 'yan tsirarun da ke gaggawar fitar da kara tun shekarar farko. Kuskurena shi ne ɗibar iri daga cikinsu, don na ga ya rage mini wahalar ajiya. Hali gado ne: 'ya'yansu ma haka suke gaggawa, ƙarfin da ya kamata ya tafi kai sai ya tafi kara, wuya ya yi kauri, albasa ta ƙi zama a rumbu. Ko a ƙasar Holan, masu noman furen tulif don kawunansa yanke furen suke yi saboda kan ya cika.

Uwar iri, wato kawunan da za a mayar ƙasa su ba da iri, a ranar cira ake ware ta, kafin dillali ya zo. Kowa ya sayar da masu kyau ya bar ragowa don iri, ragowa zai girba. A zaɓi matsakaiciya, mai tauri, siririyar wuya, launi ɗaya, wadda ba tagwaye ba. A tsayar da ruwa mako biyu kafin cira, kuma a yi hattara da yuriya a ƙarshen noma, domin tana kumbura kai da ruwa ya ruɓe da damina. A shimfiɗa su a rumfa mai iska, ba a jibge ba, ana fitar da ruɓaɓɓu duk mako. Wadda ta kai Oktoba lafiya ta nuna halin da ake nema.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake dasawa, don sanyin hunturu ne ke sa ta fitar da kara. Wanda ya makara, zafin Maris zai ƙone furen kafin iri ya cika. A yanke kashi ɗaya cikin uku na saman kai, a barbaɗa toka, ta sha iska, a dasa da tazarar kamar santimita 30. Fangalin iri ya yi nesa da na wani launi, kusan kilomita guda in zai yiwu, don ƙudan zuma da ke yin barbarar fure ba su san iyakar gona ba, za su gauraya irin. Wannan sai an zauna da maƙwabta.

Kuskurena na biyu feshi ne. Ƙananan ƙwarin nan da ke tsotse lawashi har ya yi fari-fari, kafin fure ya buɗe ake maganinsu. Na fesa bayan ya buɗe, ƙudan zuma da ƙudajen da ke yin barbara suka ƙaurace, kawunan fure suka yi girma amma holoƙo.

Idan ɓawo ya fara tsagewa, baƙin iri ya leƙo, a yanka da guntun kara. Ba rana ɗaya suke nuna ba, sai an zagaya sau biyu ko uku. A shanya a inuwa bisa tabarma, a sussuka, a sheƙe. Irin albasa ba ya jure tsufa, bayan shekara ƙarfinsa raguwa yake, don haka a ajiye shi a busasshen wuri mai sanyi, a rubuta shekara a jikin mazubi. Kafin zuba reno, a ƙirga ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen ƙyalle, a duba bayan kwana 10. In waɗanda suka tsiro ba su kai 70 ba, a ƙara yawan irin da za a zuba.