Sati na 7 da fara man gyada da kuli-kuli a tsakar gidana

Salamu alaikum yan uwana masu koyo, ina gajiya, ya yara? Na yi alkawarin zan dinga fada muku inda na kwana a wannan sana'a, to yau sati 7 kenan cif, kuma wallahi abinda yafi bani wuya ba matsar man bane, rike uwar kudin ne.

Bari in dan koma baya saboda wadanda basu ji farkon ba. Da kankara da lemun zobo naso yi, har na fara tambayar kudin firgo, sai Gwaggo tace min ke yar nan kin manta 2023? Gaskiya ta fada, tun da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya a watan Agusta na shekarar nan naga yadda masu kankara a unguwarmu suka zauna hannu rabbana, ga kuma maganar ruwa wadda duk dan Damagaram ya santa, in bazara ta shigo kudin ga-ruwa kadai ya isa ya cinye riba. Gyada kuwa bata neman firgo, ruwan da take sha kadan ne, kuma tamu ce, daga Matamai da Kance da Magarya ake kawo ta. Shi yasa na tsaya a kanta.

Da jika 25 (sefa dubu 25) na fara, kwasar asusu ce ta kungiyarmu ta mata, irin tsarin nan na Mata Masu Dubara da kungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, kowane sati a zuba, mai bukata ta ranta ta maido da dan abu a kai. Kasko da turmi da faifai duk na gida ne, abinda na saya sabo sai bido 2 masu murfi da roba babba da kaye (littafin rubutu) daya da bik (biro). Kayen nan ku rike shi, zamu dawo kanshi.

Aikin kansa yanzu hannuna ya fara sabawa alhamdulillahi. Ranar Alhamis nake zuwa Kasuwar Dole tunda ita ce ranar da yan kauye ke shigowa da kaya, in sayo tiya 5 ta bararriya. Tsinta itace ke cin lokaci, kuma don Allah kar wadda ta yi ganganci a nan, duk kwayar da ta yi baki ko ta yi fumfuna ko ta yamushe a fitar da ita a zubar, ba daci kadai take sa kuli ba, akwai guba a cikin irin wannan fumfunar mai lalata hanta, suya kuma bata kashe ta, yaranmu ne fa ke ci. Daga nan suya a wuta marar karfi ana juyawa ba tsayawa, ta huce, a murje a fece, a kai inji. Satin farko na soya ta ta wuce, mai ya fito da duhu kuli ya yi daci, sati na 2 naji tsoro na sauke da wuri sai man ya ki fitowa sosai. Gwaggo ce ta zauna dani tace ki fasa kwaya daya ki duba cikinta, in ta yi ruwan zuma kadan to ta yi, kar ki bi launin bawo. Wurin juyawa a turmi ma da nake kwara ruwan zafi da yawa lokaci daya, ashe kadan kadan ake yayyafawa ana juyawa har kullun ya hade ya fara kyalli, sai kiga mai na taruwa da kansa a gefe, ki kwashe ki matse tunkuzar, ki dan sa gishiri ki murza kuli ki soya a cikin man. A tiya 5 yanzu ina samun lita 4 saura kadan, da kuwa 3 da kyar.

To ga maganar kayen. Sati 3 na farko ina ta saida kaya, mutane na yabawa, amma ranar da na kirga abinda ke hannuna sai naga jika 25 ta koma 19. Na zauna na rasa inda ta bi, hankalina ya tashi sosai don kudin kungiya ne a wuyana. Da na bi a hankali sai na gane gidan ne ke sha. Miyar dare an debi ludayi 2 na mai, yara zasu lakwal an basu kuli da dala 10, baki sun zo an kulla musu, makwabciya ta aiko a bata na dala 20 zata kawo kudin anjima, anjimar bata zo ba. (Yan uwanmu na Najeriya, dala 20 sefa 100 kenan, jika kuma 1000.) Ko daya ba laifi bane, ai zumunci ne, amma ba'a rubuta ba, kuma duk daga cikin uwar kudi yake fita.

Abinda nayi, na samu Baban su yara bayan isha'i na nuna masa lissafin baki daya, nace Malam daga yau in gida na son mai a saya a wurina kamar yadda ake saya a kanti, ya duba kayen yace hakan shine daidai. Na ware gwangwani mai murfi na sana'a kadai, kudin cefane baya shiga baya fita. Sadaka da kyauta ban daina ba Allah ya kiyaye, amma na ware musu roba karama tun ranar suya, in ta kare ta kare. Bashi kuma mutum 3 kadai nake ba, su ma da suna da rana a kaye.

Lissafin zagayen da ya wuce: gyada jika 7 da rabi, nika dala 100, itace dala 80, ruwa dala 20, kabu-kabu zuwa da dawowa dala 100, duka jika 9. Mai da kuli suka kawo jika 10 da rabi. Riba jika da rabi kenan a aikin kwana 2, ba yawa, amma na ganta da idona a rubuce. Kuma abin lura, man kusan kudin gyadar kawai yake maidowa, ribar a kuli take, shi yasa naji dadi da wani mai tsire a Zango ya ce in dinga daka masa garin kuli duk sati, masu kwadon zogale ma sun fara aikowa.

Abu 2 ke gabana yanzu. Hayakin itace na damun kirjina, ina tunanin komawa gaz tunda matatar man fetur ta SORAZ na nan kan hanyar Tanut, amma sai na gwada na gani ko karamar tukunyar gaz zata kai ni zagaye nawa kafin in sa kudi. Na biyu ina son in tara in sayi buhu da kaka lokacin da gyada ke araha, don in damina ta matso manoma na neman iri tsada take. Wadda ta taba ajiye buhu wata 4 ko 5 a daki ba tare da kwari ko danshi sun taba shi ba, don Allah ta fada min da bawonta ta ajiye ko bararriya, kuma a kan me ta dora buhun.