Na Bi Zuriyar PlayStation Daga Ta Farko Zuwa Ta Biyar

Na jera na'urorin PlayStation biyar gaban talabijin ɗaya, na riƙa buga tseren mota na Gran Turismo a kowacce, don in ji a hannuna abin da ya sauya daga 1994 zuwa 2020.

Ta farko, wadda Ken Kutaragi ya jagoranci ƙera ta a kamfanin Sony, faifan CD take ci. Motocin duk kusurwa-kusurwa ne, titi yana rawa idan ka sha kwana, amma daɗin tuƙin yana nan. Darasin farko: wayarta mai kai uku, rawaya da fari da ja, ba ta jituwa da talabijin na zamani, hoton sai ya dusashe. A tsohuwar talabijin mai ƙaton baya kuwa ya fito fes. Kuma ba ta ajiye wasa sai da katin ajiya.

PlayStation 2 ta shekarar 2000 ce ta fi kwanta mini a rai. Tana kunna DVD, kuma na saka faifan Gran Turismo na farko ta karɓa ba gardama. A ganina wannan yana cikin abin da ya sa aka sayar da fiye da miliyan 150: wanda ya sabunta na'ura bai rabu da tsoffin faifansa ba.

A kan PlayStation 3 na fi daɗewa ina nazari. Ta fito a 2006 da faifan Blu-ray da mahaɗin talabijin na HDMI, mai babbar ma'ajiya kan dala 599 a Amurka. Ƙwaƙwalwarta mai suna Cell ƙarfi gare ta, amma ta wahalar da masu haɗa wasanni. Samfurin farko yana buga faifan PlayStation 2, na baya an cire musu wannan damar, kodayake dukkansu suna karɓar faifan PlayStation ta farko. Don haka mai neman tsohuwa ya duba lambar samfurin kafin ya biya. Wannan Cell ɗin ce kuma ta sa PlayStation 4 ta 2013, da ta koma ƙwaƙwalwar kamfanin AMD irin ta kwamfuta, ba ta karanta faifan PlayStation 3 sam.

Ta biyar ta ci gaba a kan tsarin AMD, shi ya sa kusan duk wasannin ta huɗu suke tafiya a kanta. Ma'ajiyarta ta SSD ta rage jiran buɗewar wasa sosai, kuma a Gran Turismo 7 maɓallin birki na DualSense, wato abin sarrafa wasanta da ake riƙewa a hannu, yana yi wa yatsa tirjiya.

Bayan wannan gwaji na daina auna sabuwar na'ura da kyan hoto kaɗai. Abin da nake fara tambaya shi ne wasannin da na mallaka za su biyo ni ko a'a. Saboda haka na zaɓi PlayStation 5 mai ramin faifai, kuma na ajiye PlayStation 2 da 3, domin faifansu ba sa aiki a sabuwar.