Abin da fulasta ke rufewa: darussa daga tsofaffin maginan zangon Kumasi

A Aboabo da Asawase da Sabon Zango akwai gidajen da suka haura shekara 50 bangonsu bai tsage ba, ga na jiya-jiya a gefensu har sun fara zubar da fulasta. Duk wanda ya ɗauki kwanon sarki a ƙarƙashin tsofaffin maginan zango ya san dalili. Su ne dattawan da ake cewa Baba magini, waɗanda kuma ake aikawa a kira idan maƙwabta sun yi rigimar iyaka ko za a faɗaɗa masallaci.

Kafin su ja igiya sai sun ga takarda. Yawancin filayen Kumasi suna hannun sarakunan Asante, kuma takardar da sarkin yanki ya bayar ba ta isa ba sai ta bi ta ofishin filaye na Asantehene, babban sarkin Asante, da Hukumar Filaye. Haya ce: ɗan ƙasa galibi shekara 99, baƙo kuwa tsarin mulkin Ghana na 1992 bai yarda ya wuce 50 ba. Sai izinin gini, wanda mutanen Aboabo da Asawase ke karɓa a majalisar Asokore Mampong. Mai gida kan yi gunaguni, ya ce ana ɓata masa lokaci. Gara wannan da a wayi gari hukuma ta rubuta da jan fenti a bango cewa a dakatar da aiki.

Daga nan sai ruwa. Kumasi damina biyu gare ta, kuma rafin Aboabo ba ya jin roƙo. Tsohon magini yakan tambayi tsofaffin unguwa inda ambaliya ta taɓa kaiwa, ya ɗaga daɓen ɗaki sama da nan. Cikon jan ƙasa ba a zuba shi gaba ɗaya. Santimita 15 ake zubawa, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara. Wanda ya yi gaggawa a nan, bayan damina biyu daɓensa zai lotsa, tayil ya fashe. A shimfiɗa baƙar leda kafin a zuba kankare, in ba haka ba danshi zai hau bango, fenti ya yi ta kumbura.

Inda aka fi cutar mai gida shi ne bulo. Buhun siminti mai kilo 50, ko Ghacem ko Dangote, bai kamata ya ba da bulo mai inci 5 fiye da 30 ba. Masu neman riba sukan fitar da 45 ko fiye. Gwajin ba wuya: a karce gefen bulon da ƙusa, idan yashi ya zubo kamar gari, a mayar da motar. Yashin ma ana gwada shi. A zuba a kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye. Idan laka ta kwanta a sama ta kai kashi 1 cikin 10 na yashin, siminti ba zai kama shi ba.

Kankaren ginshiƙi da linta da dakin, wato rufin kankare, 1:2:4 ne: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, saboda haka yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Lebura na son ruwa ya yi yawa don kwaɓi ya yi sauƙi, alhali ruwan nan shi ke cinye ƙarfin kankare. Rodi mai milimita 12 idan za a haɗa shi da wani, su haɗu tsawon santimita 60, a kuma sa ɗan tsaki ya ɗaga shi milimita 25 daga katako, kada tsatsa ta same shi ta fasa kankaren daga ciki. A shayar da ruwa safe da yamma kwana 7 aƙalla, domin sai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Dogaran dakin kada a taɓa su kafin kwana 21. Benen kantin Melcom da ya rufta a Achimota, cikin Accra, a Nuwamban 2012 ya ci rayuka, kuma tun lokacin ba mai hankalin da ke wasa da wannan lissafi.

Duk waɗannan fulasta na rufe su, mai gida ba ya gani. A ganina nan girman dattawan ya samo asali. Mutumin da aka shaida bai taɓa rage buhu ba a inda ido ba ya kaiwa, idan ya ce iyakar marigayi ta tsaya a gindin wancan bango, magada sukan yi shiru. Shi ya ja igiyar da hannunsa.

Da wannan girma suke faɗa wa mai kuɗi abin da ba ya so ya ji. Gidajen haya na zango da yawa an gina su ɗaki goma ko fiye kewaye da tsakar gida, babu bayan gida, mata da yara na bin layi a na gwamnati da asuba. Magini na ƙwarai yakan ce: "Alhaji, a rage ɗaki ɗaya a yi bayan gida da wurin wanka." Haka yake hanawa a ci lungu, ya bar faɗin da za a fito da makara, ya kuma juya bututun ruwan wanka zuwa kwata maimakon ƙofar maƙwabci.